Kwanukan da Suka Kai Ni Masar

Tun ranar da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin masallaci a Badarawa, sai wani ya ce in ba shi labarin dalar Fir'auna. In na shiga motar Kawo, sai wani ya taɓo ni ta baya ya ce wai da gaske ne kwanuka na kai asibiti a ƙasar waje? Na gaji da ba wannan kai, wancan ƙafa, shi ya sa na ce bari in zauna in kawo labarin sau ɗaya daga tushe. Dalar Fir'auna dai gara in faɗa tun yanzu, daga nesa na hango ta ta tagar mota, don ba ita ta kai ni ba.

Sunana Haladu. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin kwanuka da ke bayan Kawo, ta hanyar Mando. Mu ke yin kwanon sha da langa da fanteka, irin masu furanni da ake jera wa amare. Fallen ƙarfe ake kawo mana daga Turai, mu yanka, mu danna shi ya zama kwano, mu wanke, mu tsoma a ruwan garin gilas, sa'an nan a gasa a tanderu har gilas ɗin ya narke ya kama jikin ƙarfen. Wannan ƙyallin da mutane ke ce wa fenti, gilas ne.

Da daminar bara kayanmu suka fara ba mu kunya. Kwano zai fita daga kamfani sumul, ba tabo. Sai ya kwana biyu a shago ko a kabad, ka ji ya ce tas, ɗan gilas ya ɓalle ya bar gurbi kamar ɓawon kifi. Kafin wani lokaci kwanon ya zama kamar mai ƙyanda. Wata Hajiya da ke sarar kayanmu ta ciko a-kori-kura da su, ta sa aka juye mana a bakin ƙofa. Ta ce akwai amaryar da ta ƙaurace wa ɗakinta a Unguwar Sarki, wai kwanukanta na magana, har sai da aka kira malami ya yi addu'a.

Alhaji mai kamfani ya kai ƙara wajen masu sayar mana da ƙarfe. Suka ce ƙarfensu lafiyarsa ƙalau, mu duba masu gashinmu, laima ce ke shiga tanderu. Nan take laifi ya hau kan Baba Luka, mutumin Zonkwa, wanda shi ne heluman tanderu tun ina firamare. Shi ya nuna mini yadda ake gane zafin wuta da launinta lokacin da na zo da takardar makaranta ban san komai ba. Aka ce ya zauna a gida tukuna. Aka kashe tanderu, aka sallami ma'aikata sai an neme su. Sito kuma cike yake da sabon ƙarfen da aka kawo mana a lokacin, in har laifin namu ne, kamfanin ba zai sake tashi ba.

Kafin Baba Luka ya tafi, na tono guntayen tsohon falle a cikin bola, na roƙe shi ya gasa mini su tare da sabo, wuta ɗaya, lokaci ɗaya. Bayan kwanaki sabon ya yi ɓawon kifi, tsohon ko gezau. Na kai wa Alhaji, ya aika wa masu ƙarfen. Suka ce gwajin da muka yi wa kanmu ba hujja ba ne. Aka yi ta ja har aka daidaita a kan a kai wata cibiyar binciken ƙarafa da ke kudu da Alƙahira, wadda ba tamu ba, ba tasu ba, su ma su turo wakili. Alhaji ya ce ni zan je, tunda na san aikin, kuma an ce masa na yi Islamiyya ina jin Larabci. Ban musa ba, don a lokacin ni ma haka na ɗauka.

Na kama hanya daga tashar Kawo a fijo mai zuwa Kano. Kayana jaka ɗaya ce da kwali guda, cikinsa kwanuka masu lafiya da marasa lafiya, da guntayen falle tsoho da sabo, da kwalbar garin gilas. Direban, wani Bakatsine mai yawan zance, ya so ya cusa kwalin ƙarƙashin buhunan doya a but, na ƙi, na ɗora shi a cinyata. Lokacin ana cikin aikin tagwayen hanya, nan a hau kwalta, can a sauka cikin jar ƙasa. Mun wuce Jaji ke nan sai wani kwano ya ce tas a cikin kwalin. Wata tsohuwa da ke gefena ta matsa, ta dube ni, ta tambaya ko wani abu mai rai na ɗauko. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce ita dai da na kai su wajen wani malami a Zariya da na huta da kuɗin jirgi. A Kwanar Ɗangora muka tsaya aka ci balangu, ta ƙi yarda ta koma kusa da kwalin, sai da wani ɗan kasuwa ya yi musanyar wuri da ita.

A filin jirgin Kano, ɗan kwastan ya buɗe kwalin ya daɗe yana kallo. Ya ce tun da yake aiki ya saba ganin alhazai na shigo da kwanuka, amma bai taɓa ganin mai fita da su ba, balle fasassu. Ya kira abokin aikinsa ya gani, suka yi dariya, suka ce Allah ya ba su lafiya.

Na Alƙahira ba su yi dariya da wuri ba. Jami'in da ya duba ni yana ganin kwalbar farin gari ya ɗaure fuska, ya karɓe fasfo ɗina, ya tura ni wani ɗaki. A nan na zaro Larabcina na Islamiyya, na gyara murya, na fara zuba masa bayani da wasali cikakke kamar ina bita gaban malam. Mutumin ya saki baki. Can sai ya leƙa waje ya kira 'yan uwansa, ya ce in maimaita. Ashe su ba haka suke magana ba. A kunnensu kamar mutum ne ya shiga kasuwar Kawo yana tayin tumatir da muryar huɗubar Juma'a. Abin da suke mayar mini kuma ban tsinci ko rabinsa ba. Daga ƙarshe wani mai ƙaton gashin baki ya dangwali garin ya sa a haƙori, ya ji yashi-yashi, ya tofar. Na ɗauko fasasshen kwano na nuna masa inda garin ke zama. Sai suka gane, suka maido mini fasfo, suka ba ni shayi, suna kirana Shaihu.

Masaukina wajen Malam Tijjani ne, ƙanen limaminmu na Badarawa, wanda ya tafi karatu tun da baƙin gemu, ga shi yanzu furfura ta fara. Ɗakinsa na can ƙololuwar wani dogon bene, hawa ɗaya sai ka zauna ka huta. Da ya gabatar da ni ga mai gidan, sai mutumin ya rungume ni ya manna mini sumba a kunci dama da hagu. Na sandare kamar an dasa ni. Malam Tijjani ya raɗa mini cewa gaisuwa ce, in saki jiki. Na lura kuma gaisuwarsu ba ta da tsawo. Ni da na saba sai na tambayi gida da iyali da gajiya da aiki, kafin in kai rabi mutum ya wuce.

Matan benen ba sa sauka cefane. Kwando suke ɗaura wa igiya su zuro ta taga, mai kayan miya ya zuba, su janye. Na ce da matan Badarawa za su ga wannan da sun ce a gina musu bene. Motoci kuwa da hon suke tafiya, kowa na danna nasa, ba wanda ke jin na wani. Tsallaka titi sai na jira wata tsohuwa ta shiga, in laɓe a gefenta.

Abinci da farko ya ba ni wuya. Da safe wake da gurasa, da rana gurasa da wake, shayi baƙi ƙirin ba madara. Ran nan matar mai gidan ta aiko mana da wata koriyar miya da suke alfahari da ita, an ce sai babban baƙo ake yi wa. Na ɗiba na ga tana yauƙi, na kai baki, ashe miyar lalo ce. Sai dai a kan shinkafa suke zuba ta, ba tuwo. Aka kawo wani jan abin sha da zafinsa a kofin gilas, na kurɓa, na ji zoɓo ne tsantsa. Na ce wa Malam Tijjani ashe ban yi nisa da gida ba.

Jirgin ƙasa ake hawa zuwa cibiyar. Ranar farko na ga wani tarago da sauƙin cunkoso, na yi wuf na faɗa da kwalina, ƙofa ta rufe. Na ɗaga kai, sai na ga mata ne zalla, duk sun zuba mini ido. Taragon mata ne. Wata ta fara faɗa, na buɗe baki in ba da haƙuri da Larabcin nan nawa, sai tarago ya kaure da dariya. A tasha ta gaba na sauka da gumi, na koma cikin maza aka matse ni kamar kifin gwangwani, raina ya kwanta.

Wadda aka ba aikinmu a cibiyar mace ce, Dakta Nadiya, gajeruwa kakkaura, da ɗankwali da tabarau mai sarƙa. Da kanta take tuƙo motarta, in ta yi magana ƙattin maza na rawar jiki. Da Turanci muka yi aiki da ita, na gode Allah. Wakilin masu ƙarfen ya riga ni isowa, wani dogon Bature mai ladabi, zafin garin ya mai da shi ja wur. Bai raina ni ba, amma ka gan shi ka ga wanda ya tabbata da gaskiyarsa.

Dakta Nadiya ba ta taɓa kwano ba sai da ta titsiye ni da tambaya kamar alƙali. Wane ruwa muke amfani da shi, na rijiya ko na famfo? Da wane mai muke hura tanderu? Ina muke shanya kwanuka in ana ruwan sama? Yaushe abin ya fara, kuma me ya sauya a lokacin? Ta ce ita ba ta neman wanda ya yi laifi, abin da ya faru take nema, in an same shi mai laifi zai fito da kansa. Sa'an nan ta yi mana bayanin ciwon. Ta ce a cikin wuta, wata iska da ake kira haidurojin tana shiga jikin ƙarfe, daga laima take fitowa. In kwano ya huce, iskar na neman hanyar fita, sai ta tarar gilas ya rufe ta. Ta taru a ƙarƙashinsa har ta ɓalle shi. Baturen ya gyaɗa kai, don a kan laima suka kafa hujjarsu.

Ina kallo ma'aikatanta suka sa zarto a kan wata langa mai jan fure, suka yanki guntu kamar farce, suka dasa shi a cikin roba, suka yi ta gogawa har ya zama madubi. Haka aka yi wa tsohon falle da sabo. Kullum in na tambayi sakamako sai mai gogewar ya ce mini bukura, wato gobe. Na gane goben tasu da tamu uwarsu ɗaya.

Ranar da aka auna sinadaran ƙarfen ita ce mafi nauyi a gare ni. Ni na tafi da tabbacin cewa sabon fallen gurɓatacce ne, rubabben kaya aka turo mana. Sai awo ya nuna akasin haka. Sabon ya fi tsohon tsabta nesa ba kusa ba. Baturen ya dafa kafaɗata ya ce ya yi baƙin ciki da wahalar da na sha. Na koma masauki ban iya cin komai ba. Ina tuna Baba Luka da 'ya'yansa da ke makaranta, da masu gashi da masu zanen fure da ke zaune a gida suna jiran abin da zan kawo. Malam Tijjani ya ce tunda Dakta Nadiya ba ta ce ta gama ba, kada in riga ta gamawa.

Washegari na tarar ta haɗa wata na'ura ƙarama a kan tebur. Aka ɗaure guntun sabon falle a tsakiya, ƙasansa ruwan asid da waya mai tura iskar nan cikin ƙarfen, samansa wani ruwa mai kauri kamar zuma, da madubi mai ƙara girman abu a kai. Ta ce mu zuba ido, in iskar ta ratsa ƙarfen za mu ga kumfa. Aka kunna, aka kawo shayi. Ban gama juya sukari ba sai ga ƙananan kumfa suna tsattsafowa kamar gumi. Ta cire, ta ɗaura guntun tsohon falle, kauri ɗaya. Muka shanye shayi, ba kumfa. Aka ƙaro wani, ya huce a hannuna, ba kumfa. Baturen ya tashi ya duba ko waya ce ta cire. Da kumfar ta bayyana daga baya, sai ya ce a sake. Aka sake da sabbin guntaye, aka kuma sakewa, abin bai sauya ba.

Daga nan ta kai mu ga babban madubi, ta ce in fara leƙawa. A jikin tsohon ƙarfen na ga ɗigo-ɗigo da ƙananan ramuka birjik. Sabon kuwa fes yake kamar faranti. Ta ce waɗannan ramukan da nake gani kamar datti, su ne rumbun da iskar ke shiga ta zauna, ba ta isa ga gilas ba. Masu yin ƙarfen kwano da gangan suke barinsu. Sabon ba shi da rumbu ko ɗaya.

"Ƙarfe ne mai kyau," in ji ta. "Ya dace da jikin mota. Amma duk duniya ba mai gashin da zai ɗora masa gilas ya zauna."

Na tambaye ta laimar fa. Ta ce laima na nan a kowane tanderu, ta ba mu shawara mu gyara rumfar shanya saboda damina, amma ko a tsakiyar sahara aka gasa wannan fallen sai ya yi ɓawon kifi.

Baturen ya nemi tarho, ya shiga ofis ya daɗe. Da ya fito ya zo har gabana, ya ce an bincika a can, ashe daga wani sashe na masana'antarsu aka yi mana lodi, ba wanda aka saba ba. Ya ce za su kwashe kayansu su kawo namu. Sa'an nan ya tambayi sunan mutumin da aka dakatar. Na faɗa masa. Ya maimaita sunan, ya ce in ba shi haƙuri a madadinsu. Ban san lokacin da na rungume mai gogewar nan na bukura ba, har da sumba dama da hagu.

Dakta Nadiya ta gayyace mu cin abinci a gidanta. Tantabaru aka cusa wa shinkafa aka gasa, mijinta ne ke kai da kawowa da faranti, ita tana zaune tana zana mini yadda zan haɗa irin na'urar nan a ɗakin gwajinmu da batirin mota, don in riƙa gwada kowane falle kafin a sauke shi. Na ce a raina wannan ɓangaren na miji da faranti ba zan ba da labarinsa a gida ba, ga shi kuma na bayar.

Na yi ƙoƙarin buga wa Alhaji waya daga can, layi bai shiga ba. Saboda haka da bakina na taho da labarin. Daga Kano na shigo motar safe, muka iso Kawo rana ta take. Ya kamata in wuce wajen Alhaji, amma ƙafata ta ƙi. Na saɓa jaka na nufi Hayin Banki, gidan Baba Luka.

Na same shi a tsakar gida yana gyara wa maƙwabta risho, ya rame. Matarsa, Mama Saratu, ta kawo mini ruwa ta tsaya a bakin ƙofa. Na fara gaisuwa yadda aka saba, ya amsa biyu ya tsaya, ya dube ni.

"Haladu, faɗa mini kawai."

"Baba, ba hannunka ba ne. Ƙarfen ne. Sun amsa da bakinsu, sun ce in ba ka haƙuri."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Mama Saratu ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, ta shige ɗaki, na ji tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ya sa na ba shi labarin kumfar nan da ramukan, ya ce in sake, na sake. Sai ya tambaye ni ko tun tafiyarsa ba wanda ya hura tanderun. Na ce ba kowa.

Ya miƙe, ya ce tanderun da ya daɗe a sanyi ba a yi masa gaggawa, da ƙaramar wuta ake lallashinsa kwana da kwanaki, in ba haka ba bulonsa ya tsage. In aka jira sai sabon ƙarfe ya iso, an makara. Ya leƙa ɗaki ya ce a miƙo masa takalmansa na aiki.

Na ce, "Baba, ai ko Alhaji bai ji ba tukuna."

Ya ce, "To ɗauki jakarka mu je ya ji."